MAKAHON ƘAUYE DA ƊAN JAGORANSA: INA RABONSU A DUKIYARMU?

 Ya ku 'yan'uwa Musulmi, yau ina so mu yi magana a kan waɗansu yara waɗanda muke gani kullum a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, amma ba safai mukan tambayi daga inda suka fito ba.

Da kakar bara na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Dutsi, cikin shiyyar Daura. Bayan sallar la'asar muna zaune a gindin bedi, almajirai suna biya allunansu a zauren da ke kusa, sai na ji wata murya daga bayan darni ta gyara wa wani yaro aya a cikin Suratul Mulki. Gyaran kuwa daidai ne. Na sa a kira mini mai muryar, sai ga yaro makaho, bai fi shekara goma ba, ƙanensa yana jan sa da sanda. Na ce, "Ɗana, wa ya koya maka?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba kowa. Ina zama a nan ne ina ji." Ban tashi ba sai da na nemi mahaifinsa, wani manomi mai kunya da yawan godiya, na tambaye shi abin da ya hana shi sa yaron karatu. Ya ce malamin allo ya ce masa makaho ba ya riƙe allo, a firamare kuma an ce ba a san yadda za a yi da shi ba. Saboda haka in an gama shigar da amfanin gona za a haɗa shi da wani ɗan'uwansu mai zuwa cin rani birni, ya je ya yi bara, ƙanen kuma ya bi shi jagora.

Mai karatu ya lura, yara biyu ne za su tafi. Ɗaya ido ya rasa, ɗaya kuwa lafiyarsa ƙalau, har ya kai aji biyu, za a cire shi domin ya riƙe sanda. Duk makahon da ka gani a titin Katsina ko Kano da yaro a gabansa, to, ka ga makaranta biyu da aka rufe. Wannan ita ce hasarar da ba mu lissafawa sa'ad da muke jefa canji a ƙoƙo muna jin mun sauke nauyi.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Dutsi mutum kimanin 120,000, yanzu kuwa sun ƙaru ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2022 kusan mutum ɗaya cikin shida na mutanen duniya yana ɗauke da wata naƙasa. Mu bar wannan lissafi, mu ce ɗaya ne kawai cikin hamsin, kuma da tsohuwar ƙidaya: mutum 2,400 ke nan a ƙaramar hukuma guda, galibinsu kuma a ƙauyuka suke. Akwai makafi, da kurame da bebaye, da guragu, da masu farfaɗiya, da waɗanda hankalinsu bai cika ba. 'Yan boko na yanzu suna ce musu "masu buƙata ta musamman", kuma ban ga laifin wannan suna ba, gama Suratul Hujurati ta hana mu jifan juna da laƙabi. Sai dai na ga an canza suna, ƙoƙon bara kuwa yana nan yadda yake.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Kowane ɗalibi ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alhali yana cikin magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai ya ji nauyin katsewar, Allah kuwa ya saukar da ayoyi yana yi masa gyara. Abin da nake so a duba shi ne, me makahon nan ya zo nema? Bai zo roƙon dabino ko tufa ba. Ilmi ya zo nema. Watau a kan hakkin makaho na neman ilmi ne aka yi wa fiyayyen halitta magana daga saman bakwai, ana kuma karanta wannan magana a cikin salla har tashin ƙiyama. Daga baya Ibnu Ummi Maktum ya zama ladan tare da Bilal, kuma sau da yawa in Annabi zai fita yaƙi shi yake bar wa Madina yana yi wa mutane limanci.

Akwai wani hadisi a cikin Sahihu Muslim wanda mutane kan karanta a babin sallar jam'i kawai, alhali yana da wata fuska. Wani makaho ya nemi izinin yin salla a gida don ba shi da jagora, aka yi masa izini, da ya juya sai aka kira shi aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce yana ji, aka ce to ya amsa. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan hukuncin da ke ciki. Ni abin da na fahimta a ciki bayan wannan shi ne, Musulunci ba ya son a ajiye naƙasasshe a ƙuryar ɗaki. Yana so a gan shi a sahu, kafaɗa da kafaɗa da mai lafiya. Ayar Suratun Nuri da ta Suratul Fathi sun ɗauke wa makaho da gurgu da marar lafiya ƙunci a kan abin da ba su iyawa, amma ba wata aya da ta ɗauke musu neman sanin addininsu, ba kuwa wadda ta ɗauke mana wajibcin sanar da su. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita ran Uhudu, ya kai ƙara wurin Annabi, aka bar shi ya fita, ya yi shahada.

In muka gangaro zamanin tabi'ai sai mu iske Aɗa'u ɗan Abu Rabaha, baƙin mutum, gurgu, mai shanyayyen hannu, wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa, shi ne mai fatawar Makka, har Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya zauna gabansa da 'ya'yansa yana tambayarsa hukunce-hukuncen aikin hajji. Ƙatada, babban malamin tafsiri na Basra, da makanta aka haife shi. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 ta Hijira, makaho ne, kuma har gobe duk mai son ƙira'o'i bakwai sai ya bi ta kan littafinsa. Yawan malamai makafi ya kai har Safadi ya wallafa littafi sukutum a kan tarihinsu. A masallacin Azhar an daɗe da keɓe wa makafi zawiyarsu ta karatu. Wannan duka bai faru don makafin wancan zamani sun fi namu ƙwaƙwalwa ba. Sun sami wanda ya zaunar da su ne ya karanta musu, da wanda ya ɗauki nauyin cinsu.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali ya hana su roƙo, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai yi masa hidima. A duba tsarin maganar: sai da ya ba su, sa'an nan ya hana. Gwamnatocinmu kuwa sau da yawa sukan fara da hanin, a kwashe mabarata a mota a mai da su garuruwansu, bayan sati biyu su komo, domin abin da ya kore su daga ƙauye yana nan bai gusa ba.

Mu ma nan ƙasar Hausa ba mu rasa namu ba. Sarakunanmu sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da hanyar kai kukansa fada, kuma wannan tsari yana da amfaninsa, ko da yake a ganina ya fi tsara bara a kan ya raba mutane da ita. Muna da Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya rayu har 1990, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Sau nawa muka ji waƙensa a bakin makafi mabarata? Ai abin tunani ne, a ce gadon da makahon malami ya bar wa makafi ya zama abin roƙonsu, maimakon ya zama shaida cewa su ma za su iya zama malamai.

WA YA RIGA MU?

A nan sai na faɗi wata magana mai ɗaci, amma gaskiya ce. Makarantar makafi ta farko a Nijeriya Turawan Mishan ne suka buɗe ta a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Asibitin ido na Kano, wanda iyayenmu da kakanninmu suka yi ta zuwa ana cire musu yana, mishan ne suka kafa shi a 1943. Zaman kutare na Babbar Ruga a nan bakin Katsina, da na Yadakunya a Kano, da na Amanawa a Sakkwato, a hannun mishan suka kasance tun shekarun 1930, na Danja kusa da Maraɗi ma daga baya a hannunsu ya kasance. Makarantun kurame da yawa a Afirka ta Yamma wani baƙar fatan Amurka ne, shi kansa kurma, mai suna Andrew Foster, ya assasa su, har da ta Ibadan. Malamanmu na wancan lokaci sun yi ta gargaɗi cewa ana canza wa marasa lafiya addini a waɗannan wurare, kuma tsoronsu yana da dalili. To, amma wanda kuturta ta ci masa yatsu, danginsa suka gina masa bukka a bayan gari, in ya sami mai wanke masa gyambo, da wane baki za mu zarge shi? Gargaɗi muka yi, ba mu gina ba.

Gwamnati ta shigo daga baya. An buɗe makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi a Kano a 1977, shekara guda bayan soma shirin ilmin firamare kyauta, a wannan shekara kuma aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu a garin Oyo. A Jihar Katsina akwai makarantar makafi a cikin birnin Katsina, akwai ta kurame a Malumfashi. Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan. Amma a tambayi manomin Dutsi, wanda geronsa ba ya kai shi wata takwas, ya ɗauki 'yarsa kurma mai shekara bakwai ya kai ta Malumfashi, can kudancin jiha, ya bar ta a makarantar kwana, alhali ko sunan ƙauyensu ba ta iya faɗa. Kuɗin mota kaɗai ya ishe shi dalili, balle hankalin uwar yarinya. Saboda haka waɗannan makarantu, komai kyansu, kaɗan ne daga 'ya'yan ƙauye suke isa gare su.

Doka ma akwai. Cikin Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba su hakkin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. An kafa hukuma ta ƙasa domin wannan a 2020. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi, ya duba matakalar ofishinsu gobe da safe, ya ba kansa amsa. Ni kuma na duba ta masallacinmu na ji kunya.

A shekarar nan ta 2019 ne kuma 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidaje a Kaduna da Daura da Katsina, inda aka iske mutane da mari a ƙafa da sunan gyaran tarbiyya. An yi ta la'antar masu gidajen, amma kaɗan ne suka tambayi abin da ya sa iyaye suke kai 'ya'yansu can da hannunsu. Uban da ɗansa ke da taɓin hankali ko farfaɗiya, a ƙauyen da ba likita, ba malamin da ya san kan abin, ina zai nufa? Alhali a Sahihu Muslim an ruwaito wata mace da ke da wani abu a hankalinta ta tsai da Annabi a hanya tana da buƙata, ya ce ta zaɓi lungun da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Ba mari, ba bulala.

ZAKKA DABAM, HUBUSI DABAM

Yanzu sai mu zo kan mas'alar da 'yan kasuwa suka fi tambayata, watau ko ya halatta a gina wa waɗannan yara aji da kuɗin zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya amsa ita ce a'a. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka kashi takwas, kuma malamanmu sun fassara tafarkin Allah da ke cikinta da jihadi, saboda haka ba a gina masallaci ko makaranta ko rijiya da ita. Na san akwai malaman zamani da suka faɗaɗa, ban kuwa raina ijtihadinsu ba, amma ba mu da buƙatar shiga saɓani, gama shari'a ta buɗe mana ƙofa biyu, kowacce da aikinta.

Zakka hakkin yaron ce shi kansa in matalauci ne, a damƙa wa waliyyinsa. Naƙasa ita kaɗai ba ta sa mutum ya cancanci zakka, talauci ne ke sawa. Makaho mai shanu ba ya ci. Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda. To, a nan ne muke kuskure. Attajiri yakan canza kuɗinsa zuwa ƙananan takardu, a yi layi a ƙofar gidansa, mutum ɗari biyar kowa ya sami na tuwon dare ɗaya, gobe su dawo yadda suke. Da zai zaɓi gida biyar masu yara naƙasassu ya ba kowane abincin shekara, da uban makahon nan ba shi da sauran hujjar tura shi birni, gama ba ƙiyayya ta sa zai tura shi ba, rumbu ne ya gaza. Haka kuma asali a raba zakka a inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na can sun fi buƙata. Manomin Dutsi da geronsa ya kai nisabi, watau wusƙi biyar, abin da ya ɗan haura kilo 600, dami ɗaya cikin goma da yake fitarwa na matalautan garinsa ne. Ɗan kasuwar da ke juya dukiyarsa a Kano ko Ikko kuwa, in ya tabbata mutanen ƙauyensu sun fi na inda yake buƙata, malamai sun yi masa sauƙi ya aika da mafi yawan ɗaya cikin arba'in ɗinsa gida.

Uba ma ya san nasa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ba zauren da ba a karanta ta a ƙasar nan, ta bayyana cewa ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, da sharaɗin ba shi da naƙasar da ta hana shi nema. In ya balaga da ita, nafaƙa ba ta faɗi ba. Watau shari'a ta ce uba ya ci da makaho, mu kuwa al'ada ta juya abin, makaho ne ke ci da uba. Wanda yake da hali ya kuma tura ɗansa bara yana karɓar abin da ya samo, ya ji tsoron Allah.

Gini da albashin malami da kayan karatu kuwa, wannan aikin hubusi ne, wanda ake kira waƙafi. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, Annabi ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, da kuma rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi. Mazhabarmu ta fi sauran sauƙi a wannan babi, mutane ne ba su sani ba. Ya halatta a yi hubusin abin da ake ɗauka, kamar injin niƙa ko amalanke da shanunta. Ya halatta a yi shi na ƙayyadadden lokaci, mutum ya ce hayar shagona na Daura ta shekara goma ta makarantar kurame ce, bayan nan ya koma wa magada. Sharaɗi ɗaya ne nake jan kunne a kansa, domin a nan ake yawan faɗuwa: dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa, a karɓe shi tun yana da rai da lafiya, kafin bashi ya cinye dukiyarsa. Wanda ya yi ta cewa "na bayar" da baki amma yana riƙe da gonar har ya mutu, hubusinsa ya ɓaci, ya zama gado. Na halarci rabon gado fiye da ɗaya inda aka yi kuka a kan wannan. A rubuta, a sa shaidu, a kai gaban alƙali. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da hubusi, amma hubusin ƙauye ba ya jiran hukuma. Liman da dagaci da mutum uku amintattu sun isa su zama masu kula.

Ma'aikacin gwamnati kuma sau da yawa albashinsa ba ya kwana balle ya shekara, saboda haka zakka ba ta hau kansa ba. Wannan bai sallame shi ba. Karantar da waɗannan yara farilla ce ta kifaya, in ba wanda ya yi duk gari ya yi laifi. 'Yan asalin gari guda da ke aiki a Katsina da Kaduna da Abuja, in mutum talatin suka yi alkawarin wani abu kaɗan kowane wata, ya isa albashin malami. Abin da ma'aikaci ke da shi wanda ɗan kasuwa ba shi da shi kuwa shi ne sanin ƙofofi: ya san yadda ake rubuta takarda zuwa Hukumar Ilmi, ya san ranar da likitocin ido za su zo babban asibiti.

DAGA INA ZA A FARA?

Ba daga gini ba. Mu mutane ne masu son bulo da fenti da allon suna, na kuwa ga azuzuwa da yawa da aka buɗe da taro, yau awaki ke kwana ciki. A fara da ƙirga. Mai unguwa ya san kowane gida, ungozoma ta san yaron da ya sha wuya wajen haihuwa, matan gari sun san yarinyar da ake ɓoyewa in baƙi sun zo. In an sami sunaye sai a kai su likita ya duba, domin wani da ake kira makaho yana ce kawai a idonsa, aikin ɗan lokaci ya gani, wani tabarau yake buƙata, wani mai farfaɗiya ƙwaya ce zai riƙa sha ta tsaya. Da yawan wannan naƙasa ma ana iya tare ta tun ba ta zo ba. Ƙyanda tana makantarwa, sanƙarau yana kurmantarwa, kuma waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, sun san kurame nawa ta bari. Mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a tsakanin nan yanzu samari ne, suna nan muna ganinsu. Mu malamai muna da kaso a alhakin wannan, kada mu yi musu.

Sa'an nan a nemi mutum. A zaɓi saurayi ɗaya da budurwa ko matar aure ɗaya 'yan garin, masu takardar malanta, waɗanda ba za su gudu birni ba, a ɗauki nauyinsu su koyo aikin. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen wannan fanni. Rubutun makafi ba sihiri ba ne. Ɗigo shida ne masu tudu, wani yaro Bafaranshe makaho mai suna Luwi Burail ya tsara su wajen 1824, ana shafawa da yatsa, kuma yau akwai Alƙur'ani cikakke da aka buga da shi. Kayan rubutunsa ɗan allo ne da tsinke. Ashe maganar cewa makaho ba ya riƙe allo ta faɗi, balle ma haddar Alƙur'ani tun asali daga baki zuwa kunne take. Kurame kuwa suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinta ta fitar da littafi a 2000. Su ne suka fi ba ni tausayi a sha'anin addini. Makaho yana jin wa'azi, gurgu yana ji, kurma kuwa yakan yi shekara arba'in yana bin sahu yana kwaikwayon ruku'u da sujada, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke karya alwala. Yarinya kurma kuma in wani marar tsoron Allah ya cuce ta, ba ta da bakin faɗa.

Ba sai an ware musu makaranta ba. A ƙara ɗaki ɗaya a firamaren gari ko Islamiyya, su yi awa biyu da malaminsu, saura su zauna da 'yan'uwansu. Ƙauyukan da ke nesa malamin ya riƙa zagaya su a kan babur. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi da 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauye waɗanda ba su iya zuwa gare ta. Gurgu kuwa sau da yawa ba abin da ya raba shi da aji sai tafiya. A Kano waɗanda shan inna ya naƙasa sun kafa ƙungiya da wurin walda, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, daga cikin irinsu ne kuma Misbahu Lawan Didi ya ƙago ƙwallon guragu a 1988. In za a sayi keke, a saya wurinsu, a yi sadaka ɗaya ta amfani gida biyu. Kuma a lura, abin da aka yi domin waɗannan yara gari duka ne ke cin moriyarsa: rijiya kusa tana rage ciwon ido, gangaren da aka yi wa mai keke a ƙofar masallaci shi tsoho mai sanda zai bi, injin niƙan hubusi kuwa matan gari ne za su huta da surfe da daka.

Abu biyu ke kashe irin wannan aiki. Na farko rashin lissafi. A riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a masallacin Juma'a duk wata uku, ko da mai riƙon kuɗin waliyyi ne. Na biyu riya. Yanzu an shigo da wata al'ada, a jera guragu a rana, a miƙa buhu ana ɗaukar hoto, a watsa a Facebook, alhali aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Yaron da aka ɗauki hotonsa yana karɓa zai girma ya gani.

Kafin in bar ƙauyen nan na roƙi malamin allo ya bar yaron ya shigo zaure ya zauna cikin almajirai, ya ce ya yarda, na kuma yi wa uban alkawarin zan nemo wanda zai ɗauki nauyin abincinsu. Na dawo gida, hidimomi suka sha kaina, ban sami mutumin ba sai bayan wata biyu. Da na aika, aka ce sun riga sun tafi, shi da ƙanen, tun sati uku da suka wuce. Buhunan suna nan a ajiye a zauren liman, an kuma aika wa ɗan'uwan nasu saƙo ya komo da su kafin ruwa ya sauka.